Gajerun Kusoshi a Rufin Auta

Laraba 4 ga wata, bakwai na safe

Na fita na duba layinmu. Iskar jiya da yamma ta kwashe rufin gidan Tela, gida na uku daga namu, kamar yadda ake yaye mayafi daga kan mai barci. Fallen kwano ɗaya yana rataye a wayar lantarki, biyu suna cikin kwata, sauran ba a san inda suka sauka ba. Katakon rufin yana nan daram, ko gezau bai yi ba. Kwanon ne kawai ya rabu da shi.

Matar Tela tana tsakar gida tana kwashe shanya a lokacin. Tana asibiti. Iyakar abin da zan rubuta ke nan a kan wannan.

Mutane sun taru, kowa na faɗin ikon Allah. Ba wanda ya sunkuya ya dubi ƙasa sai ni. Na tsinci kusa ɗaya, irin mai murɗin nan da roba a wuya, na jefa a aljihu. Sai da na waiwaya kafin in ɗauka.

Gidan Auta, 'yata, irin wannan rufin ne. Kafinta ɗaya ya buga su, a wata ɗaya, shekara biyu da suka wuce.

Laraba, biyu na rana

Na ɗauko tsohuwar rulata ta ƙarfe na auna kusar. Inci ɗaya da rabi. Na sake aunawa. Rula ba ta san girman mutum ba.

Alhamis 5 ga wata, tara na safe

Shekara ashirin da shida na yi ina koyar da zanen gini a makarantar koyon sana'a. Da za a sallame ni aka ba ni agogon bango, wanda ya tsaya kafin shekara ta zagayo. Waɗanda na koya wa riƙe fensir yanzu su ne ke wuce ni a mota suna ɗaga mini yatsa biyu. Ba wanda ke tambayata komai, sai in an rasa mai karanta takardar magani.

Don haka da mijin Auta ya tashi rufa gidansa ya zo neman shawarata, na ji daɗi. Ban ɓoye wa kaina ba, na ji daɗi. Direban babbar mota ne, sai ya yi kwana goma a hanya. Ya ce, "Baba, kwanon nan da ake ɓoye kusarsa nake so, wanda ake harɗe falle da falle. An ce ba ya yoyo."

Na ce masa wannan sai gwani, da kayan aiki na musamman, kuma ranar da ya lalace sai ka nemo gwanin daga inda yake. Na ce ya ɗauki wanda kusarsa ke fili, kowane kafinta zai iya hawa ya ga wadda ta saki ya ɗaure. Mutumin da ba ya zama a gida, rufin da za a iya gyara wa matarsa a yini ɗaya yake bukata. Ya ce to, Baba. Ya hau motarsa ya bar mini aikin in tsaya a kai. Tela ya ga rufin yana ƙyalli ya ce shi ma a yi masa irinsa.

Zaɓin kwanon ba kuskure ba ne. Ko yau aka tambaye ni haka zan ce. Kwanon zamanin nan ne ba kauri, masu aikin zamanin nan kuma ba karatu.

Zaɓin ba kuskure ba ne.

Juma'a 6 ga wata, biyar na yamma

Na je gidan Auta da tsakar rana, da gangan, don a lokacin ne kwano ke magana. Na zauna a falo ina ji: ƙas, ƙas, ƙas. Zafi yana buɗa shi, yana miƙewa, yana jan kowace kusa gaba. In yamma ta yi ya tsuke, ya ja ta baya. Kullum haka, shekara biyu. Haƙori ma in ana girgiza shi safe da yamma, fita zai yi.

Na fita na tsaya ta gabas na ɗaga kai. Ba sai da tsani ba. A layin bakin rufin na ƙirga kusoshi tara da suka ɗago kai, robarsu ta tsattsage, wata har haske na wucewa ta ƙarƙashin kanta.

Auta ta fito da jaririya a kafaɗa ta ce, "Baba, mu ka zo gaisarwa ko rufi? Ga amaryarka nan tun ɗazu tana harararka."

Na karɓe ta. Wata uku. Nauyinta bai kai na fallen kwano ɗaya ba. Gadonta yana ɗakin gabas, daidai ƙarƙashin layin da na ƙirga.

Na ce, "Me zai hana ku zo gida ku yi mana sati biyu? Uwarki tana kewarku."

Ta ce, "Shekaranjiya fa ta bar nan. Kai dai ka ce kai ne kake kewar amarya." Sai ta rage murya. "Yaya matar Tela? Na ji labarin. Na ce wa maigidan, mu dai mun gode Allah, Baba ne ya tsaya a kan namu."

Na ce rana ta yi, zan tafi.

Asabar 7 ga wata, uku na rana

Hadari ya haɗu a gabas. Na tsaya a ƙofar gida har ya watse.

Lahadi 8 ga wata, shida na yamma

Uwar yara ta dawo daga asibiti. Ta cire mayafi ta zauna. Da ta fara bayanin yadda ta ga fuskar matar Tela, na ce mata ta bari.

Ta ce duk unguwa an gama yanke hukunci, Kafinta ne ya ha'inci Tela, ya sa masa gajerun kusoshi. Tela yana ta maimaitawa a bakin ɗakin jinya cewa shi abin da ya ce kawai, a buga masa yadda Malam ya tsara na Auta, amma mugun ya yi son ransa. An ce mutum biyu sun riga sun ƙwace aikinsu daga hannun Kafinta.

Ta ce, "Malam, kai da ka san aikin nan, ba za ka je ka duba ka gaya wa mutane abin da ya faru ba?"

Na ce idona ba ya gani sosai yanzu.

Ta ce, "Idon da ke hango ƙuda a cikin kofin maƙwabci?" Ta ɗauke kwanon abincin da na ture. "Kwana huɗu ke nan kana cin abinci kamar wanda ake biyansa ya bari."

Shekara arba'in da ɗaya muna tare. Ba ta ƙara tambaya ba, kuma wannan ya fi tambayar nauyi.

Litinin 9 ga wata, tsakar rana

Namu rufin tsoho ne, kusoshin guduma. Shi ma yana ƙas, ƙas. A da ban taɓa jin sa ba.

Talata 10 ga wata, sha ɗaya na safe

Na gamu da Kafinta a bakin titi, wurin masu sayar da katako. Na so in tsallaka, ya riga ya gan ni.

Ɗalibina ne, shekara talatin da suka wuce. Ni na ba shi sifili a zane, sau biyu, har ya bar makarantar ya bi wani maƙerin rufi. Yanzu furfura ta fara masa a gemu, yana da 'ya'ya biyar.

Ya cire hula ya russuna. "Malam, ina kwana. Yaya ƙarfin jiki? Yaya su Auta da jaririya?"

Na ce lafiya. Na jira. Na shirya amsa tun daga gida, kala uku, kowace da hujjarta. Bai taɓo maganar rufi ba. Ya dubi gabas, ya dube ni, ya mayar da hularsa, ya ce a gaida gida.

Da ya zage ni da na samu abin riƙewa.

Laraba 11 ga wata, takwas na safe

Bari in rubuta shi sau ɗaya, tunda takarda ba ta da baki.

Kwanon rufi yana da doro yana da kwari. Ruwa ta kwari yake bi. A littafin da na koyar da shi shekara ashirin da shida, dokar ɗaya ce: a doro ake buga kusa, ba a huda hanyar ruwa. Littafin ya yi gaskiya a kan kusar zamaninsa, doguwar kusar guduma.

Ranar da aka fara rufin Auta na iso na tarar Kafinta yana sama, ya ɗaure falle biyu, duk a kwari. Na ce ya kwance.

Ya ce, "Malam, wannan kusar gajera ce. Ta kwari ce. A nan kwano ke kwance a kan katako, ta shige duka, robar ta toshe ruwan. In na hau da ita doro, bakinta kawai zai taɓa katako."

Na ce, "Wa ya koya maka?"

Ya ce, "Aiki, Malam."

Leburori uku suna ƙasa suna miƙa kwano. A gabansu na ce masa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, balle wanda ya hau rufi da sifili biyu. Suka yi dariya. Ya ce to a bari ya nemo dogaye, gobe a ci gaba. Na ce kusa kusa ce, ba za a ɓata yini ba, ya ɗaure su da ƙarfi kawai har robar ta baje. Ya ce a bakin rufi da kusurwa aƙalla a ninka, don nan iska ke sa hannu. Na ce layi ya tafi daidai kamar a zane, ba na son rufin 'yata ya zama kamar fuskar mai ƙyanda.

Ya ce, "To, Malam." Ya kwance falle biyun.

Doron kwanon inci ɗaya da kwata ne sama da katako. Kusar inci ɗaya da rabi. Ni malamin lissafin gini ne, ba sai an taya ni cirewa ba. Kwatan inci. Faɗin farcen jaririya. Shi ne ke riƙe da rufin da take kwana a ƙarƙashinsa.

Leburorin sun daɗe da barin garin. Ni da shi kawai muka sani.

Alhamis 12 ga wata, huɗu na yamma

Hadari. Iska ta kaɗa labule, ta tsaya. Na kira Auta a waya sau uku, na uku ta ce, "Baba, lafiya kuwa?" Na ce hannuna ne ya danna.

Asabar 14 ga wata, biyar na yamma

Na yanke shawara zan gyara da kaina, ba wanda zai ji.

Na je shagon kayan gini na nuna wa mai shagon kusar aljihuna. Ko juya ta bai yi ba ya ce, "Ta kwari ce wannan, Baba. In a doro za ka ɗaure, ga doguwa, inci uku." Mutumin da ba ya iya rubuta sunansa a miƙe. Ashe kowa ya sani. Ashe ni kaɗai ne a garin nan na yi karatun da ya hana ni sani.

Na ɗauki kwali ɗaya na dogayen, na ari tsani a wurin mai fenti, na tafi gidan Auta na ce zan duba mata indararo. Mijin yana hanya.

Matakala huɗu na hau. A ta huɗu gwiwata ta hagu ta fara rawa, ta dama ta taya ta. Kwanon ya yi zafin da ba a iya ɗora hannu. Na ga bakin fallen farko yana motsi da 'yar iskar da ko ganye ba ta kaɗa sosai ba. Yana ɗagawa yana sauka, kamar ƙirjin mai barci.

Auta ta fito ta riƙe tsanin da hannu biyu. "Baba, sauko. Don Allah sauko. So kake ka bar amarya da takaba tun ba ta yi haƙori ba?"

Na sauko. Ta ba ni ruwa. Ta ga kwalin ta ce na mene ne, na ce na wani ne ya aike ni.

Kusoshi sun fi dubu a rufin nan. Ko gwiwar tana da lafiya ba ni da injin ɗaure su.

Lahadi 15 ga wata, bakwai na safe

Zaɓin kwanon ba kuskure ba ne.

Litinin 16 ga wata, shida na yamma

An yi ruwa da rana, ba iska. Mijin Auta ya dawo, ya zo gaishe mu. Ya ce ɗakin gabas ya yi yoyo wuri uku, ɗaya a kan gidan sauron jaririya. Ya hau ya shafa kwalta a kan kusoshin.

Na ce kwalta ruwa take tarewa, ba iska ba.

Ya ce, "Haka ne, Baba. Bayan damina zan sa a sake dubawa. Amma ba wancan macucin ba. Na aika masa, in na ga ƙafarsa a ƙofar gidana sai an raba mu. Kai kana tsaye a kansa ma ga abin da ya yi, ina ga wurin Tela da ba mai ido?"

Bayan damina. Damina ko sati uku ba ta yi ba.

Uwar yara tana bakin ƙofa tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago ba, amma hannunta ya tsaya.

Talata 17 ga wata, goma na safe

An sallamo matar Tela. Na ji tsayuwar mota, na ji mata suna sannu, sannu. Ban fita ba. Uwar yara ta je, ta dawo ta ce an cire madubin ɗakin kafin a shigo da ita.

Laraba 18 ga wata, biyar da rabi na yamma

Yau na ɗauka iskar ta zo.

Wajen ƙarfe uku gabas ta yi baƙi ƙirin. Tsuntsaye suka yi shiru. Na fita ba hula, na nufi gidan Auta, tafiyar minti ashirin ga mai gwiwa. Iska ta same ni a wurin gidan mai. Ta ɗauke rumfar mai gyaran taya ta kifa a titi. Na rungumi falwaya ina kallon rufin mutane, kowanne ina jira ya tashi, ina cewa Allah ba yau ba, Allah ba yau ba, kamar ni ne zan sa masa rana.

Minti goma ta yi, ta karkata kudu.

Da na isa, rufin yana nan. Kusurwar gabas ta ɗaga kamar kunnen littafin da aka naɗe. Auta tana falo da jaririya a goye, fuskarta ta yi fari. Ta ce, "Baba, ka ji yadda yake bugawa? Kamar ana dukan ganga a kaina." Sai ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Amma ai ya riƙe."

Na ce ya riƙe.

Da na dawo uwar yara ta dubi ƙafata, takalmi ɗaya ne. Ta kawo ruwa ta ajiye ta ce, "Malam, ban san abin da kake ɗauke da shi ba. Amma in ya faɗo, ba a kanka kaɗai zai faɗo ba."

Alhamis 19 ga wata, tara na safe

Na fita zan je wurin Kafinta. Na kai kwanar layinsu na dawo.

Juma'a 20 ga wata, huɗu na yamma

Na je.

Na same shi a rumfar aikinsa yana gyara ƙafar kujera, mutumin da ya rufa rabin unguwar nan. Ya miƙe ya share mini benci da hularsa.

Na ajiye kwalin dogayen kusoshin a gabansa. Ya buɗe, ya ɗauki ɗaya, ya juya ta. Ya ce, "Su ne."

Na ce, "Me ya sa ba ka faɗa ba? Ana cin namanka a unguwa."

Ya ce, "In ce me, Malam? In ce malamina ne ya sa ni? Wa zai yarda, mai sifili biyu?" Ya ajiye kusar. "Kuma na Tela ba ka nan. Ni na hau, ni na ɗaure, ina sane. Ya ce yadda Malam ya tsara, na ce a raina to ku je ku gani. Zuciya ce ta ɗebe ni. Wannan nawa ne, ba naka ba. Ba na iya cin abinci in na tuna matar nan."

Ban taɓa tunanin shi ma ba ya ci ba.

Na ce, "Na Auta fa? Zai gyaru?"

"Kwana biyu, ni da ƙanena. A zare kowace, a sa doguwa a raminta, sabuwar roba, a ɗaure daidai ba a matse ba. Bakin rufi da kusurwa a ninka. Kwali ɗaya ba zai isa ba, sai huɗu." Ya rufe kwalin. "Sau biyu na je layin da tsani tun ranar Tela. Na farko ba kowa, na biyu saƙon surukinka ya riga ni. Ba zan hau rufin mutum ta bayan gida ba, Malam. Sai ya buɗe mini ƙofa da kansa. Kuma ba zai buɗe wa macuci ba."

Na ce zan ce masa na binciko ba laifinka ba ne.

Ya ce, "Zai ce laifin wa."

Ya rako ni har titi yana riƙe mini kwalin.

Asabar 21 ga wata, biyu na rana

Na faɗa.

A falon mijin Auta, da safe. Na ce a kira Auta ma ta zauna. Na ɗora gajerar kusar da doguwar a kan tebur, na ɗora rula a tsakani. Na fara kamar ina aji, doro da kwari, zafi da sanyi, yadda iska ke tsotson rufi daga sama ba turawa take ba. Mijin yana ta gyaɗa kai, yana cewa ka ji mugu, ka ji mugu. Sai na ga in na ci gaba da darasi zan fita ban faɗa ba.

Na ce, "Ba shi ba ne. Ya ce a kwari, ya ce a nemo dogaye, ya ce a ninka a baki. Ni na hana. Ni na sa ya kwance."

Mijin ya daina gyaɗa kai. Ya dubi silin. Mutumin kirki ne, ban taɓa rubuta haka ba. Ya ce, "To, Baba. Kuskure ai na ɗan Adam ne. Bari in je in ɗauko shi da kaina." Ya ɗauki makulli ya fita, ina jin don kada in ga fuskarsa.

Auta ba ta motsa ba. Jaririya tana cinyarta.

Ta ce, "Yaushe ka gane?"

Na ce washegarin iskar Tela.

Na ga tana lissafi da leɓe. Ni na koya mata lissafi, a kan wannan gwiwar.

"Kwana goma sha bakwai." Ba ta ɗaga murya ba. "Shekara biyun ban riƙe ba, Baba, ba ka sani ba. Amma ka zo nan ka ɗauke ta, ka yi mata wasa, ka mayar da ita ɗakin nan. Ranar Laraba ina zaune da ita a bayana yana bugawa, ka shigo ka ce mini ya riƙe."

Na ce na so in gyara ba tare da...

Ta ce, "Ba tare da an sani ba."

Ta tashi ta shiga ta fara jawo gadon jaririyar daga ɗakin gabas da hannu ɗaya. Na miƙe zan kama mata. Ta ce, "Bar shi, zan iya."

Lahadi 22 ga wata, shida na yamma

Sun fara tun da sassafe, kafin kwano ya yi zafi. Kafinta da ƙanensa a sama, mijin Auta yana miƙa musu. Da gabas suka fara. Wasu kusoshin da yatsa ake zare su, ba sai da inji ba. Kafinta yana jefo su cikin bokiti, kowace da ƙararta.

Na zauna a gindin katanga. Ba wanda ya kore ni, ba wanda ya tambaye ni komai. Sau ɗaya na ga kamar layin ya karkace, na buɗe baki, na rufe.

Auta ta aiko wa masu aiki ruwan sanyi. Ni ma an ajiye mini kofi. Mijin ne ya kawo.

Gabas a wanke take duk yini. Na fi kallonta fiye da rufin.

Litinin 23 ga wata, biyar na yamma

Sun gama. Kafinta ya bi layi layi yana taka kowane falle. Da ya sauko ya ce, "Yanzu sai dai iska ta tafi da gidan gaba ɗaya."

A hanyar dawowa na tsaya ƙofar Tela. An rufa masa leda a kan katakon. Na ji keken ɗinkinsa yana aiki a ciki. Na yi sallama a hankali, keken ya rufe muryata. Ban sake ba. Gobe. Na san na sha rubuta abin da ya fi wannan sauƙi ban yi ba, amma mijin Auta ya riga ya fara gaya wa mutane a wanke Kafinta, gara Tela ya ji daga bakina.

Talata 24 ga wata, sha ɗaya na safe

Na gaya masa. Bai tsayar da keken ba sai da ya kai ƙarshen ɗinkin. Abin da ya ce nasa ne, ba zan rubuta ba.

Laraba 25 ga wata, shida saura na yamma

Iskar ta zo da ƙarfe uku da rabi, ta fi ta ranar Tela. Kusan awa ɗaya. Bishiyar bakin layi ta faɗi, wutar lantarki ta ɗauke, ruwa yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Na zauna a kujera da wayata a hannu. Uwar yara tana gefe da tata.

Da ta lafa, waya ta yi ƙara. Ba tawa ba.

Na ji uwar yara tana to, to, alhamdu lillahi, to. Ta daɗe tana saurare. Ta kashe.

Na ce, "Yaya?"

"Ko motsi bai yi ba. Ko ɗigo babu. Yarinyar ma barcinta ta yi har aka gama."

Na sa fuskata a tafin hannu na daɗe a haka. Da na ɗago na ce, "Ta ce wani abu kuma?"

Uwar yara ta dubi wayar, ta dube ni.

"Ta ce in ka ga Kafinta ka gaishe shi."